Ɗigon Walda a Tagar Inna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ƙaninki, tare da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya lau, ke da maigidan da yara baki ɗaya. Ya ciwon bayan nan da kika ce yana taso miki in kin daɗe a tsaye? Allah ya sawwaƙe, ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya raya mana zuriya. Mu nan sai godiya. Tarin da hayaƙi ya bar wa Inna ya lafa, tana cin abinci, tana barci, kuma ta koma yi wa kowa faɗa, wanda kin san shi ne babbar alamar samun sauƙinta. Uwar yara da 'yan matanki biyu suna lafiya. Har yanzu muna gidan Kawu, ya ba mu ɗakuna biyu, ya ce kada mu yi gaggawar tashi. Allah ya saka masa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga hannun mutumin da rabonsa da alƙalami ya manta, alhali kusan kullum muna magana a waya. Dalili shi ne akwai maganar da bakina ya ƙi furtawa. Ranar da gobarar nan ta tashi, mako biyu ke nan, kin kira kina kuka, aka gaya miki ta taga aka fitar da Inna, kuma ni na yi wa tagar ƙarfe mai buɗewa. Kika yi ta sa mini albarka. Kika ce hankalinki ya kwanta, kin fasa maganar nan da kika daɗe kina yi ta a kawo miki Inna ta zauna wurinki, tunda kin ga tana hannu nagari. Na ce amin, na kashe waya. Yaya, albarkar nan ba tawa ba ce, kuma tun ranar take zaune mini a ƙirji. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, sannan ki sake yanke shawara a kan inda Inna za ta zauna.

Ba ki taɓa ganin gidan ba, bari in kwatanta miki. Gidan haya ne mai ɗakuna takwas, huɗu na kallon huɗu, da doguwar baranda rufaffiya a tsakiya, ƙofa ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Mu muke da ɗakuna biyu na farko, na Inna shi ne dab da ƙofar shiga, don in ciwo ya tashi a fita da ita ba wahala tunda ƙafafun sun daina ɗaukarta. Mai gidan ba ya gari, ni ya bar wa kula da shi. Shekara uku da suka wuce ɓarayi suka shigo da rana tsaka ta ƙofar baya, suka kwashe keken ɗinkin tela da ke ɗaki na biyar. Raina ya ɓaci, na ɗauko injin walda daga shago. Na bi tagogin gidan ɗaya bayan ɗaya na ɗinke su da ƙarfe mai kaurin babban yatsa, ƙofar baya kuwa na haɗe ta da jikin ginin gaba ɗaya. Kin san halina da cika baki a kan aiki, halin Baba ne na gada tare da sana'ar. Na ce duk wanda ya ɓalle abin da na ɗinka, na ba shi injina kyauta. Mutanen gida suka yi ta godiya, kaina ya yi girma.

Ana haka bara wani dattijo ya kama ɗakin ƙarshe. Tsohon ma'aikacin kashe gobara ne, shekara talatin ya yi a aikin kafin ya ajiye, matarsa ta rasu, bai da kowa kusa. Siriri ne, yana ɗan ɗingishi, ba ya ɗaga murya. Ranar da ya tare, kafin ma ya shimfiɗa katifa, ya tura ƙofar baya ya ji ta kafe, ya zo ya tambaye ni ina mafita. Na nuna masa ƙofar gaba. Ya ce in ita ce ta kama fa? Na ce Allah ya kiyaye. Ya ce amin, amma ina mafita? Tun daga nan mutanen gida suka laƙaba masa Baba Mafita, shi kuwa ko a jikinsa, yana amsawa. Mutumin nan ya shiga mini hanci. In na fito da safe ya gaishe ni ya kawo maganar ƙofa. In na dawo ya nuna mini babura biyu da ake kwanar da su a baranda, da jarkar fetur a gefensu, da wayoyin wuta da suka cakuɗe a saman ƙofar shiga. Ya ce ya sha zaro mutane daga gidajen da aka yi wa irin aikina, kuma yawanci a jikin taga ake samunsu, hannu riƙe da ƙarfe. Na ce masa shi gobara ya sani, ni ɓarawo na sani, kowa ya tsaya a kan sana'arsa.

Wata biyu yana bina da lalama ina yi masa kunnen uwar shegu. Sai ya zo ya gaya mini a fuska cewa zai kai ƙara wurin masu duba gidajen haya, kuma ba ya son in ji a bakin wani. Ya kuwa kai. Suka zo su biyu, mace da namiji, da takarda a hannu. Matar ce babba, ba ta ɗaukar wargi. Ta ce ƙa'ida ce gidan da mutane da yawa ke kwana ya kasance da ƙofar fita biyu, ta baya kuma a iya buɗe ta daga ciki ba tare da neman makulli ba. Ta ce kowane ɗaki sai an samu taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗewa daga ciki da sakata, a rataye tukunyar kashe gobara gaba da baya, a fitar da babura da fetur daga baranda. Ta jijjiga ƙarfen tagar tela, ta tambayi wanda ya yi aikin. Na ce ni ne. Ta ce aiki ya yi kyau, da kurkuku ake ginawa. A gaban matan gida ta faɗa, har da uwar yara. Suka ba mu mako biyu, in ba haka ba a rufe gidan. Mai gida ya bugo ya ce in yi duk abin da suka ce. Haka na ɗauko injin yanka na bi aikina da hannuna ina yankewa, ina sa hinji da sakata, maƙwabta suna leƙe. Ban taɓa jin kunya irin ta makon nan ba. Daga ranar na daina gaida dattijon. Shi kuma ya ɗauki wata ɗabi'a, duk mako ya bi ɗakuna da 'yar kwalbar mai, ya ja sakata ya ga tana motsi, ya ɗiga mata mai. Na ce wa uwar yara kada ya kuskura ya taka ɗakunana.

Ga inda laifin yake, Yaya. Bayan masu dubawa sun dawo sun sa hannu sun tafi, sai tagar Inna ta hana ni sukuni. Tana kallon wani lungu da ba kowa ke bi ba, gadon Inna kuma a ƙarƙashinta yake. Ni da na ƙera sakatar na san siririyar waya ta isa a zura daga waje a ja ta. Na riƙa ganin ƙato ya diro wa tsohuwar da ba ta iya tashi. Wata ranar hutu bayan la'asar na ce a fitar da Inna filin bayan gidan ta sha iska, a wanke mata kai. Na jawo ƙaramin injina, na janye gado, na ɗiga wa sakatar walda sau ɗaya. Ɗigo ɗaya tak, bai fi ƙwayar wake ba, a can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Na shafa baƙin fenti a kai, na share wurin, na mai da gado. Mai dubawa zai ga sakata da hinji lafiya lau, amma ko mutum uku suka taru ba za su ja ta ba. Ban gaya wa kowa ba. Na koma na zauna ina jin na yi dabara, na bi doka kuma na tsare uwata.

Wata huɗu suka wuce. Da damina ta sauka babura suka lallaɓo suka dawo baranda, na gani na kau da kai, don in na yi magana kamar na bi bayan dattijon ne. Ranar da abin ya faru ina shago da hantsi, ina haɗa ƙofar wani, sai wayata ta yi ƙara. Mai kantin da ke kallon gidanmu ne. Ya ce wuta ta kama gidan daga ƙofar gaba, wayoyin nan ne suka yi tartsatsi a kan babura, fetur ya ɗauka, ba shiga ba fita. Ban ji sauran ba. Na jefar da abin da ke hannuna na fita da gudu, ko takalmin kirki babu. Tsakanin shagona da gida tafiyar minti goma ce, kuma duk tsawon hanyar abu ɗaya nake gani, ɗigon nan. Na san ƙofar Inna ita ce ta farko da wuta za ta tare. Na san tagar ba za ta buɗe ba, don ni na yi aikin, kuma aikina ba ya ɓallewa. Ina gudu ina cewa na kashe uwata da hannuna. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba sai ke yau.

Da na shawo kwana na ga hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙe gaban gidan, motar 'yan kwana-kwana ta iso tana feshi. Na kutsa lungun nan kamar mahaukaci. Sai ga ƙarfen taga a buɗe, yana lilo a jikin hinjinsa. Can gefe a gindin katangar maƙwabta ga Inna zaune a kan tabarma, fuska duk baƙin hayaƙi, tana tari, tana tambayar wa ya ɗauko mata carbinta. Na zube a gabanta. Uwar yara ce ta ba ni labari. Tana filin bayan gidan tana wanki wutar ta tashi. Mutum goma sha ɗaya ne a gidan lokacin, yawanci mata da ƙananan yara, duk suka fita ta ƙofar bayan nan da na yi wata biyu ina gardamar buɗewa. Inna kaɗai ta rage. Dattijon ya zagaya lungu da ɗingishinsa, tela na biye da shi, ya buga taga ya ce wa Inna ta ja sakata kamar yadda ya koya mata. Ta miƙa hannu daga kwance ta ja, ta buɗe. Mutum mai shekara saba'in ya haura taga ya shiga ɗakin da labulen ƙofarsa ya riga ya kama, ya ɗago Inna ya miƙa wa tela da uwar yara, sannan aka jawo shi. Hannunsa na dama ya ƙone daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, hayaƙi kuma ya cika masa ƙirji. Kafin in iso an wuce da shi asibiti.

Kowa na ta yi mini barka yana yaba sakatar, ni kuwa kaina ya ɗaure. Washegari da wurin ya huce na koma ni kaɗai na duba. Ba zafi ne ya narkar da ɗigon ba, ba kuma ƙarfi aka sa masa ba. Yanka ne na zarto, siriri, an bi shi a hankali, an goge, an shafa baƙin fenti irin nawa, har da ragowar mai a jiki. Na daɗe a tsaye a lungun. Daga nan na wuce asibiti. Na same shi kwance, hannu a naɗe, ana ƙara masa iska. Na gaishe shi, gaisuwar farko cikin wata biyar, ya amsa kamar jiya muka rabu. Na tambaye shi yadda aka yi ya san da ɗigon, tunda na hana shi ɗakin. Ya yi murmushi ya ce ba shi ya gano ba, in je in tambayi mahaifiyata.

Na sami Inna a gidan Kawu, na jira ɗaki ya zama daga ni sai ita. Ban gama tambaya ba ta ce da ma tana jirana. Ta ce ranar da na sa aka fitar da ita wankin kai, tana dawowa ta ji ƙaurin walda a ɗakin. Ta ce shekara arba'in tana wanke rigunan Baba, ba wanda zai ɓoye mata wannan wari da fenti. Da na fita ta lalubi sakatar ta ji ta kafe. Washegari ina tafiya shago ta aiki uwar yara ta kira dattijon. Uwar yara ta ce na hana, Inna ta ce ɗakinta ne, kuma ita ta haifi mai hanin. Wurin ya yi matsi, zarto ba ya shiga, sai da dattijon ya karya bakin zarton ya naɗe gutsuren da tsumma, ya yi kwana uku yana zuwa yana gogawa kaɗan kaɗan, uwar yara na gadin ƙofa kada in dawo. Bayan haka duk mako in na fita yakan shigo ya sa mai, ya sa Inna ta ja sakatar sau uku da hannunta don ta saba. Wata huɗu mutum uku suna riƙe da wannan sirri a gidana, ina shiga ina fita ina jin ni ne mai wayo. Na tambaye ta me ya hana ta gaya mini. Ta ce ta san tsoro ne ya sa ni, ba mugunta ba, kuma ta ga an kunyata ni a gaban jama'a, ba ta son ta ƙara. Ta ce ban da haka kan ubana gare ni, da ta yi magana da na kawo dalili goma in ƙara ɗigo na biyu, ita kuwa ba ta da numfashin gardama. Gaskiya ta faɗa. Na kifa kai a bakin gadonta na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar Baba.

Yaya, ban san da wane baki zan gode wa Allah ba, ban kuma san da me zan saka wa mutumin nan ba. Na yi masa rashin kunya, na hana shi gaisuwa, na sa ana yi masa dariya, shi kuwa yana durƙushe a gindin tagar uwata yana gyara ɓarnata. Na nemi gafararsa, ya ce ba komai, masu walda da yawa ya sani, duk haka muke. An sallame shi shekaranjiya, hannun yana warkewa amma likita ya ce yatsu biyu ba za su koma daidai ba. Ɗakinsa bai ƙone ba, sai dai gidan ba ya zaunuwa, don haka Kawu ya ba shi wuri tare da mu, kuma na yi niyyar duk inda za mu koma da shi za mu koma, in ya yarda. Jiya na ɗauke shi mu duba gidaje. Uku muka gani, duk ukun ya soke su tun daga bakin ƙofa, dillali har ya fara harararsa. Na ce wa dillalin ya harare ni, ni na kawo shi. Uwar yara ma na gode mata, ko da yake har yanzu in ta tuna tana gadin ƙofa sai ta yi ta dariya. Na kuma fara bin gidajen da na taɓa ɗinke wa tagogi ina roƙon masu su su bar ni in gyara. Wasu sun yarda, wasu sun ba ni amsar da na ba dattijon, kalma da kalma. Ke ma da kuke zaune a hawa na uku, don Allah ki sa maigidan ya duba muku ƙofar matakala ta biyu, kada a ce an tara kaya a bayanta.

To, kin ji komai. Amanar Inna kika bar mini, kuma saura ƙiris in salwantar da ita saboda taurin kai. Shawarar da kika yanke a waya kin yanke ta ne a kan labarin da ba cikakke ba. In kin ga ya fi a kawo miki ita, ba zan yi gardama ba, ni da kaina zan rako ta har ƙofarki. Zai yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba, don ban san yadda zan wayi gari ban leƙa ɗakinta ba. Amma ke ce babba, kuma na zubar da damar cewa a'a.

Ki gaida mini maigidan da kyau, ki ce na gode da kiran da ya yi. Ki gaida Dogo da Auta, ki ce wa Auta kakarta na tambayar ko ta fara sallah a kan lokaci. Kawu da Gwaggo suna gaishe ku, uwar yara da 'yan matanki ma haka. Baba Mafita ya ce a gaishe ki duk da bai san ki ba, ina roƙonki ki sa shi a addu'a.

Kafin in rufe takardar na karanta wa Inna, don ban son in sake yin wani abu a bayan idonta. Ta saurara har na zo wurin da na ce zan rako ta. Ta ce in goge. Na ce ba zan goge ba, magana ce tsakanina da ke. Ta ce to in ƙara wannan, kuma in rubuta yadda ta faɗa: ta ce a gaya miki yaron da ya kulle mata taga sau ɗaya, shi ne ya yi shekara shida yana ɗaukarta a bayansa zuwa banɗaki safe da yamma, bai taɓa yin tsaki ba. Ta ce ta riga ta yi mini faɗan da ya kamata, kada ki ƙara, kuma ba inda za ta.

Ina jiran amsarki.

Naki,
Ƙaninki mai walda.